Daga Jijiya Zuwa Ɓargo: Yadda Ƙwayoyin Dashe Ke Gane Hanya da Abin da Ake Yi Don Su Kama

Mutane da yawa in suka ji an ce dashen ɓargo, abin da ke zuwa musu a rai shi ne za a fasa ƙashin majinyaci a ɗura masa ɓargon wani. Ba haka ake yi ba. Leda ce ake ratayawa irin ta ƙarin jini, abin da ke ciki ya bi siririyar roba ya shiga jijiya, shi ke nan. Daga nan babu hannun likita. Ƙwayoyin da aka zuba su ne za su bi jini, su wuce zuciya da huhu, su gane ƙashi, su ratsa bangon jijiyoyin cikinsa, su nemi gurbi su zauna. Tun 1957 Dokta E. Donnall Thomas ya wallafa a Amurka cewa ana iya ba mutum ɓargo ta jijiya, aikin da ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 1990, amma sai bayan shekaru kusan arba'in aka fara gane dalla-dalla yadda ƙwayoyin ke samun hanya.

Ƙwayoyin da ake magana a kansu su ne ƙwayoyin tushe na jini, wato iyayen da ke haifar jajayen ƙwayoyi da farare da kuma ƙwayoyin tsayar da zubar jini, waɗanda a asibiti ake kira filatilet. A ɗakin gwaji ana gane su da wata alama da ke jikinsu mai suna CD34, kuma da ita ake ƙidaya su. Abu biyu ne ya kamata mai jinya da ma'aikacin asibiti su bambance tun farko, domin rashin bambance su ke jawo fargabar banza. Isa gida daban, kamawa daban. Isar ƙwayoyin cikin ɓargo aikin sa'o'i ne, kwana ɗaya zuwa biyu an gama. Kamawa kuwa, wato su hayayyafa har a ga sabon jini a gwaji, sai an yi makonni. Wanda ya taɓa dashen albasa ko tumatir ya san haka: yau ka sa shi a ƙasa, amma ba yau za ka ce ya kama ba.

Kafin ranar: a share gurbi

Ɓargo ba fili ba ne da kowa zai shiga ya zauna inda ya ga dama. Ƙwayar tushe ba ta rayuwa ta ci gaba da zama uwa sai a wasu ƙananan gurabe na musamman, yawancinsu a jikin siraran jijiyoyin cikin ɓargo, inda wasu ƙwayoyi ke ciyar da ita da sinadaran CXCL12 da SCF. Wani masani a Manchester, Ray Schofield, shi ya kawo wannan fahimta ta gurbi a 1978. Guraben suna da iyaka, kuma ƙwayoyin majinyaci na zaune a ciki. Saboda haka sai an tashe su.

Wannan shi ne aikin magungunan share fage da ake bayarwa a kwanakin da ake ƙirgawa da baya, daga misalin kwana 7 ko 10 kafin dashe har zuwa jajibiri. Aiki biyu suke yi. Irin su busulfan, melfalan, ko hasken radiyeshan na dukkan jiki, suna kashe ƙwayoyin tushen majinyaci su bar gurbi. Irin su fuludarabin, saikulofosfamayid da ATG kuma suna danne garkuwar jikinsa don kada ta far wa baƙi. Akwai riba ta uku da ba a cika ambata ba: ɓargon da ya sha wannan duka yakan ƙara fitar da CXCL12, wanda shi ne ƙamshin da baƙin ƙwayoyin ke bi.

Abin kiyayewa a nan shi ne tazara. Ba a zuba ƙwayoyi sai an ba maganin ƙarshe lokaci ya fita daga jini, galibi aƙalla sa'o'i 24, wani lokaci 48, gwargwadon maganin da lafiyar ƙoda. In aka yi gaggawa, maganin da aka sa don ya kashe tsofaffin ƙwayoyi zai haɗa da sababbin. Busulfan kuma yana iya jawo farfaɗiya, don haka ana haɗa shi da maganin kariya tun kafin a fara.

Ga mai cutar sikila, wanda shi ne ya fi kawo maganar dashen ɓargo a Najeriya, akwai ƙarin shiri. Ana yi masa musayar jini har sinadarin HbS, wato himogulobin na sikila, ya sauko ƙasa da kashi 30 cikin 100. Ana duba jininsa ko garkuwarsa ta riga ta ƙera makamai a kan nau'in HLA na mai bayarwa, wato alamomin jikin ƙwayoyi da ake dubawa don sanin ko ɓargon mutum biyu ya dace, abin da ke yawan faruwa ga wanda ya sha ƙarin jini ko macen da ta yi ciki da yawa. Shi ya sa duk iyalin da ke tunanin dashe a gaba ya kamata su daina ba majinyaci jinin 'yan'uwansa na jini tun yanzu. Kyautatawa ce a ido, amma tana iya koya wa jikinsa ƙin ɓargon ɗan'uwan da zai cece shi. Kowane ɗan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya yana da damar ɗaya cikin huɗu ta dacewa gaba ɗaya, don haka ba abin wasa da shi ba ne. A ƙasashen da sauro ke da yawa ana kuma gwada mai bayarwa da mai karɓa ko akwai zazzaɓin cizon sauro a jininsu, a magance shi tukuna.

Yawan iri

Tunda ba duk ƙwayar da aka zuba ke isa ɓargo ba, dole a zuba da yawa. Lissafin a kan nauyin mai karɓa ake yin sa.

In daga jinin jijiya aka tace ƙwayoyin da na'ura, mafi ƙarancin abin da ake yarda da shi shi ne ƙwayoyin CD34 miliyan 2 a kan kowane kilo, an fi son miliyan 4 zuwa 5. In ɓargo ne aka zuƙo daga bayan ƙashin ƙugu, ana neman jimillar ƙwayoyi masu cibiya, wato masu ɗan ƙullutu a tsakiyarsu irin su farare da ƙwayoyin tushe, miliyan 200 zuwa 400 a kowane kilo. Yaro mai kilo 30 ke nan yana bukatar kusan biliyan 9 in an ɗauki tsakiya. Amma ba a ɗibar fiye da mililita 20 a kan kowane kilo na nauyin mai bayarwa. Ƙanwa mai kilo 20 ba za a zuƙi fiye da mililita 400 a jikinta ba, ko da yayan da za a ba shi ya ninka ta nauyi. Irin wannan lissafi ake yi tun kafin a sa rana, ba a ɗakin tiyata ba. Wajen zuƙa ma akwai dabara: kaɗan-kaɗan ake ja, mililita 3 zuwa 5 a kowane waje, sannan a gusa da allurar. Wanda ya ja da yawa a wuri ɗaya jini yake tarawa, leda ta cika amma irin ya yi ƙaranci.

Jinin cibiyar jariri shi ne mafi ƙarancin ƙwayoyi, kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da ɓargo ke bayarwa. Mizaninsa aƙalla ƙwayoyi masu cibiya miliyan 25 a kowane kilo. Farfesa Eliane Gluckman ce ta fara dasa shi a Paris a 1988, ga wani yaro mai cutar Fanconi, cutar gado da ke sa ɓargo ya kasa yin jini.

Yadda ake fito da ƙwayoyin tushe daga ɓargon mai bayarwa zuwa jininsa yana koya mana hanyar komawa, domin igiya ɗaya ce ake kwancewa. Allurar G-CSF, maikirogiram 10 a kowane kilo kullum har kwana 4 zuwa 5, tana rage CXCL12 a ɓargo tana sassauta maɗaurin da ke riƙe ƙwayoyin. Maganin pleriksafo, wanda Amurka ta amince da shi a 2008, yana toshe CXCR4 kai tsaye, wato abin da ƙwayar ke jin ƙamshin CXCL12 da shi, cikin sa'o'i ƙwayoyin su fito. Mai sikila ba a yi masa G-CSF don tattara ƙwayoyinsa, saboda tana tayar da ciwon har ta kai ga halaka, pleriksafo ake amfani da shi.

Ranar sifili

Ranar zubawa ita ake kira ranar sifili, daga ita ake fara ƙirga gaba. Aikin kamar ƙarin jini yake, amma akwai wuraren da ya saba da shi, kuma a nan ne kuskure ɗaya ke iya ɓata komai.

Mutum biyu ne za su karanta suna da lambar leda a gaban majinyaci. A tabbatar robar da aka sa a babbar jijiyar ƙirji tana tafiya, tana kuma dawo da jini. Ruwan gishiri na asibiti kaɗai ake haɗawa a layin, ba ruwan suga ba, ba wani magani ba. Ba a haska wannan leda da radiyeshan, ko da yake duk sauran jinin da za a ba majinyacin sai an haska shi. Ba a kuma bi da ita ta matatar da ke cire fararen ƙwayoyi, domin abin da ake son bayarwa shi matatar za ta riƙe. Matata ta ƙarin jini ta yau da kullum, mai ramuka maikiron 170 zuwa 200, ita ce wasu cibiyoyi ke sawa don tare gudaji da ɓurɓushin ƙashi. Wannan bambanci ya cancanci a rubuta shi da manyan baƙaƙe a jikin ledar, saboda hannun da ya saba da aiki ɗaya kullum yakan yi shi ba tare da tunani ba.

Ɗanyen ɓargo, wanda ba a daskarar ba, ana ba da shi a hankali cikin sa'o'i, saboda yawansa, ana lura da hawan jini da numfashi. An fi so a zuba shi a ranar da aka ɗebo, in kuwa daga nesa ya zo, kada ya wuce kwana uku. In rukunin jinin mutanen biyu ya saba, a ɗakin gwaji ake cire jajayen ƙwayoyi ko ruwan jinin tukuna, gwargwadon ta inda saɓanin yake. In ba a yi ba, jajayen ƙwayoyi su farfashe, ƙoda ta sha wahala.

Wanda aka daskarar kuwa dokarsa akasin haka ce: sauri. An ajiye shi a sanyin da ya wuce digiri 150 ƙasa da sifili, da sinadarin DMSO kashi 10 cikin 100 don kada ƙanƙara ta fasa ƙwayoyin. Wannan DMSO ɗin da ya kare su a sanyi, guba ne gare su da zarar sun narke. Saboda haka leda ɗaya-ɗaya ake narkarwa a ruwa mai ɗumin digiri 37, a zuba ta nan take cikin minti 10 zuwa 20, ba a narkar da ta biyu sai ta farko ta kusa ƙarewa kuma majinyaci yana lafiya. Iyakar DMSO a rana giram 1 ne a kowane kilo. Mai kilo 60 ke nan ba zai karɓi fiye da mililita 600 na abin da ke cikin ledojin ba, in ledojin sun fi haka a raba su kwana biyu. Rabin sa'a zuwa sa'a ɗaya kafin farawa ana ba da farasitamol da maganin ƙaiƙayi, wani lokaci da haidirokotizon. A gaya wa majinyaci tun da wuri cewa zai ji ɗanɗano da wari kamar na tafarnuwa, ɗakin ma zai ɗauka har kwana ɗaya ko biyu, zai iya jin tashin zuciya, fitsarinsa kuma zai iya yin ja na ɗan lokaci. Tsotsar alewa ko lemo yana rage ɗanɗanon. Abin da ke sa a tsayar da zubawa a kira likita shi ne bugun zuciya ya yi ƙasa sosai, numfashi ya sarƙe, ƙirji ya riƙe, ko jini ya hau ko ya faɗi farat ɗaya. Tsayarwa ake yi, ba a zubar da ledar. Babu wata a madadinta.

A ƙarshe a ɗauraye leda da layin da ruwan gishiri ya shiga jijiya. Abin da ya maƙale a roba miliyoyi ne.

Tafiyar kanta

Bakin robar yana kusa da ɓangaren dama na zuciya, don haka zangon farko huhu ne. Can wasu ke maƙalewa a siraran jijiyoyi, wasu na ɗan lokaci, wasu har abada. Waɗanda suka wuce sai su koma zuciya ta hagu, ta watsa su ko'ina. Hanta da saifa suna riƙe kaso mai yawa. Saifa ma da ita aka fara tabbatar da samuwar ƙwayoyin tushe: a 1961, a Toronto ta Kanada, James Till da Ernest McCulloch sun yi wa ɓeraye allurar ɓargo suka ga ƙulluttuka sun fito a saifarsu, daga baya aka nuna kowane ƙullutu daga ƙwaya ɗaya ya tsiro. Kaso kaɗan ne ke isa ɓargo a zagayen farko. Sauran suna ta zagayawa, kuma cikin sa'o'i kaɗan yawancinsu sun ɓace daga jini.

A jikin babba, ɓargon da ke aikin jini yana ƙashin ƙugu, gadon baya, ƙirji, haƙarƙari, ƙoƙon kai da saman ƙashin cinya da na dantse. A cikin waɗannan ƙasusuwa jini yana shiga wasu faffaɗan jijiyoyi masu siririn bango, inda gudunsa ke raguwa ƙwarai, kamar ruwan kogi in ya bazu a fadama. Nan ne ƙwayar ke samun damar kama gefe.

Matakin farko mirginawa ne. Bangon jijiyoyin ɓargo yana ɗauke da wasu ƙugiyoyi da ake kira selektin, nau'in E da nau'in P. A yawancin sassan jiki waɗannan ba sa fitowa sosai sai an samu kumburi ko rauni, amma a ɓargo kullum suna nan. Ƙwayar tushe tana da zarurruka masu suga a jikinta, irin su PSGL-1 da wani nau'in CD44, waɗanda ke sarƙewa da ƙugiyoyin su saki, su sake sarƙewa su saki. Kamar ƙarangiya ce a jikin zane, ba ta tsayar da kai amma tana rage maka sauri. Haka ƙwayar ke mirginawa a hankali a jikin bango.

Tana cikin mirginawa sai ta ci karo da CXCL12, wanda wasu ke kira SDF-1, a shimfiɗe a saman bangon. A jikinta akwai hancin da ke shinshinarsa, CXCR4. Da zarar sun haɗu, saƙo ya shiga cikin ƙwayar, cikin ƙiftawar ido wasu maɗaurai da ake kira integirin, waɗanda da a lanƙwashe suke, su miƙe. Mafi muhimmanci shi ne VLA-4, wanda ke damƙar VCAM-1 na bango. LFA-1 kuma ya damƙi ICAM-1. Yanzu ta tsaya cak, jini na wucewa ta kanta.

Sai ratsawa. Ƙwayar ta baje, ta fitar da ƙafa, ta kutsa ta bangon jijiyar, tana amfani da sinadaran da ke narkar da shimfiɗar da ke ƙarƙashinsa. Tana shiga sai ta ci gaba da bin ƙamshin CXCL12 zuwa inda ya fi ƙarfi, wato wurin ƙwayoyin da ke fitar da shi. Can SCF ya haɗu da c-Kit na jikinta, VLA-4 da VLA-5 su riƙe zaren da ke kewaye, ta zauna.

Muhimmancin CXCR4 ba hasashe ba ne. A 1996 Takashi Nagasawa da abokan aikinsa a Japan sun nuna cewa ɓeran da aka cire wa CXCL12 hantarsa na yin jini tun yana ciki, amma ɓargonsa ya kasa. A 1999 kuma ɗakin binciken Tsvee Lapidot a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila ya nuna cewa in aka toshe CXCR4 a ƙwayoyin ɗan Adam, ba sa kamawa a ɓargon ɓera. Abin da zai ba mutum sha'awa shi ne wannan tafiya ba baƙuwa ba ce ga ƙwayoyin. Kowanenmu ya yi ta tun yana cikin uwarsa: ƙwayoyin tushe suna fara fitowa daga bangon babbar jijiyar ɗan tayi, su koma hanta su yawaita, sannan su yi ƙaura zuwa ɓargo. Ko a jikin babba mai lafiya, kullum 'yan kaɗan suna fita yawo cikin jini su dawo. Likitoci tsohuwar hanya suka tarar, suka bi.

An yi ƙoƙarin gajarta hanyar, musamman don jinin cibiya, wanda ga ƙaranci ga kuma wasu ƙwayoyinsa ba su da isasshen sugan fukos da ke sa su kama selektin. Wasu sun gwada liƙa musu fukos ɗin a ɗakin gwaji kafin zubawa. Wasu sun jiƙa su a sinadarin PGE2 don ya ƙara musu CXCR4. Wasu sun ba majinyaci sitagiliftin, maganin ciwon suga, saboda yana hana sinadarin DPP-4 gutsure CXCL12. A Genoa ta Italiya an yi allurar jinin cibiya kai tsaye cikin ƙashin ƙugu, aka wallafa sakamakon a 2008. Duk da haka jijiya ce har yau hanyar da kusan kowace cibiya ke bi, kuma a aikace isasshen iri ya fi kowace dabara.

Makonnin shiru

Bayan kwana biyu tafiya ta ƙare, amma babu gwajin da zai nuna maka haka a gefen gado. Abin da za a gani ma akasin fata ne: ƙwayoyin jini su yi ta sauka har fararen su kusa kai sifili, baki da maƙogwaro su yi gyambo, gashi ya zube. Iyalai sukan tsorata a nan su ce dashe ya lalace. Bai lalace ba. Tsohon ɓargo ne ke mutuwa, sabon bai fara bayarwa ba. Aikin wannan lokaci ɗaya ne, a riƙe majinyaci da rai kuma kada a taɓa abin da aka shuka.

Ana gwada jini kullum. Zazzaɓin da ya kai digiri 38 gaggawa ne: a ɗebi jini don gano ƙwayar cuta, a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin sa'a ɗaya, ba a jira sakamako. Kada mai jinya ya ba da farasitamol a ɓoye, yana rufe alamar da ake dogaro da ita. Ana auna nauyi kowace safiya, domin ƙaruwar nauyi da ciwon gefen dama na ciki da rawayar ido a makonni ukun farko suna nuna toshewar ƙananan jijiyoyin hanta, wadda busulfan ke iya jawowa. Duk jini ko filatilet da za a ƙara sai an haska shi da radiyeshan. Wanke hannu ya fi takunkumi muhimmanci. Masu zuwa dubiya a rage su ƙwarai, mai mura ko tari kada ya shigo ko da uwa ce. Abinci dafaffe da zafinsa, ruwa tafasasshe. Fura da nonon da ba a dafa ba, zoɓo da kunun aya na kan hanya, kilishi, tsire da ɗanyen ganye duk a ajiye su sai likita ya ba da izini. Maganin gargajiya ko na tsari da ake sha, kada a ba da ko cokali ɗaya, saboda hanta da ƙoda na ɗauke da kayan da suka ishe su.

Ga mai sikila ana tsaurara mizani fiye da na sauran: filatilet a riƙe shi sama da 50,000, sinadarin himogulobin tsakanin 9 da 11, a sa ido ƙwarai kan hawan jini da sinadarin maganiziyam. Dalili shi ne jijiyoyin ƙwaƙwalwarsa sun riga sun sha wuya, kuma magungunan danne garkuwa da ake bayarwa bayan dashe, saikulosforin da takrolimus, suna iya haɗuwa da hawan jini su jawo farfaɗiya.

Wani zai tambaya: a dashen da mai bayarwa rabin dacewa kawai ya yi, kamar uwa ko uba, ana ba da saikulofosfamayid miligiram 50 a kowane kilo a rana ta 3 da ta 4 bayan dashe, tsarin da aka ɓullo da shi a Johns Hopkins. Yaya bai kashe sababbin ƙwayoyin ba? Amsar ita ce a lokacin sun riga sun isa gurbi, kuma suna da sinadarin ALDH mai yawa wanda ke karya gubar maganin. Fararen ƙwayoyin da suka harzuƙa suke hayayyafa don kai hari su ne yake kashewa.

Yadda ake sanin ya kama, da abin da ke hana shi

Ma'aunin da aka yarda da shi: fararen ƙwayoyi nau'in niyutirofil su kai 500 a maikirolita ɗaya kwana uku a jere, ranar farko cikin ukun ita ce ranar kamawa. Filatilet kuma ya tsaya a 20,000 ko sama, kwana bakwai ba a ƙara masa ba. Ƙwayoyin da aka tace daga jini sukan kama cikin kimanin mako biyu, ɓargo kusan mako uku, jinin cibiya mako uku zuwa huɗu ko fiye. Maganin metotireksat da ake bayarwa a ranaku na 1, 3, 6 da 11 don hana sabuwar garkuwa afka wa jiki yana ƙara jinkiri kaɗan, wannan sananne ne. Gab da kamawa wasu sukan yi zazzaɓi da ƙuraje da kumburi ba tare da wata ƙwayar cuta ba, wasu su ji ciwon ƙashi. Likita ne zai bambance wannan da cuta, yawanci maganin siteroyid na ɗan lokaci ke kwantar da shi.

In rana ta 28 ta zo niyutirofil bai kai 500 ba, ko ta 42 ga jinin cibiya, ana ɗaukar dashen bai kama ba, a zuƙi ɓargo a duba. Musabbabin yakan kasance ɗaya daga wurare uku. Ko irin ne: ya yi kaɗan, ko ya mutu wajen daskarewa da narkarwa. Ko hanya da gurbin ne: saifa mai girma tana haɗiye ƙwayoyin kafin su isa, ɓargon da ya zama tabo kamar a cutar mayelofaiburosis ba shi da wurin zama, ƙarfen da ya taru a jiki saboda yawan ƙarin jini yana lalata gurbin. Ko kuma garkuwar majinyaci ce ta kore su, wanda ya fi faruwa in share fagen mai sauƙi ne, ko dacewar HLA ba ta cika ba, ko akwai makaman da aka ambata a baya. Bayan waɗannan akwai masu danne dashen da ya riga ya fara kamawa: ƙwayoyin cutar CMV, HHV-6 da farbobairos B19, da magunguna irin su gansaikulobir da Septrin, wanda shi ya sa ba a ba da Septrin bayan dashe sai jini ya tsaya da ƙafarsa. Gyaran ya danganta da dalilin: allurar G-CSF, ƙarin ƙwayoyin CD34 daga mai bayarwa na farko, ko dashe na biyu. Wasu cibiyoyi suna ajiye ɓargon majinyacin kansa a daskare tun kafin share fage, don in komai ya ƙi a mayar masa da nasa.

Hawan lambobi kaɗai bai isa shaida ba, domin ɓargon majinyaci na iya farfaɗowa ya ba da irin waɗannan lambobi. Sai an yi gwajin da ke nuna kashi nawa na jinin na mai bayarwa ne, wanda ake fara yi wajen rana ta 30, a maimaita a kai a kai har bayan shekara. In kason yana sauka gwaji bayan gwaji, alama ce ana korar dashen a hankali, kuma a lokacin ake gyara magungunan danne garkuwa, ba sai alamun ciwo sun dawo ba. Yawan dawowar cutar bayan an koma gida yana da alaƙa da sakaci da waɗannan magunguna ko tsallake ranar gwaji, musamman ga wanda aka yi wa aiki a Indiya ko wata ƙasa ya dawo babu likitan da ke bibiyarsa. Kafin a tafi, a san wanda zai auna takrolimus ko saikulosforin a jini bayan an dawo, da inda za a kai gwajin.

A cutar sikila ba dole sai ɓargon ya zama na mai bayarwa ɗari bisa ɗari ba. In kashi 20 zuwa 25 na ƙwayoyin ɓargon nasa ne kuma suka tsaya a haka, yawanci ya isa ciwon ya kwanta. Lissafin a bayyane yake: lafiyayyar jar ƙwaya tana kwana 120 a jini, ta sikila kwana 10 zuwa 20, don haka 'yan kaɗan ɗin da ke gurbi su ne ke cika jijiyoyi. An fara ganin warkewar sikila ta wannan hanya a rahoton 1984 daga Amurka, a wata yarinya da aka yi wa dashe saboda sankarar jini sai sikilarta ma ta tafi. A Najeriya, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin ne ya fara yi a 2011, ƙarƙashin Dokta Nosakhare Bazuaye. Wanda ya warke ta haka jininsa ne ya canza, ƙwayoyin haihuwarsa suna nan da gadon S, don haka in ya tashi aure gwajin jininsa zai nuna AA ko AS na mai bayarwa, amma a lissafin 'ya'ya SS za a ɗauke shi.